Bayanin Irin Mutanen da Akan Tarar a Tsakiyar Gasar Poker

Babu saɓani tsakanin malamai a kan cewa caca haramun ce, domin nassinta yana nan a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, ba ya bukatar tawili. Saboda haka kada mai karatu ya zaci ana kiransa ne zuwa ga teburin karta. Sai dai wanda Allah ya ɗora wa sha'awar nazarin ɗabi'un 'yan Adam ba zai rasa abin kallo ba a inda Iblis ya kafa kasuwarsa, kuma gasar poker ta intanet tana cikin rumfunan da suka cika da jama'a, tun daga shekarar 2003, lokacin da wani akawu mutumin jihar Tenesi ta Amurka, Chris Moneymaker, ya shiga wata gasar share fage mai arha a dandalin PokerStars, ya sami kujera a babbar gasar duniya ta birnin Las Begas, ya kayar da mutum 838, ya koma gida da dala miliyan biyu da rabi, har kowane mai kwamfuta ya ɗauka shi ma rabonsa yana nan tafe.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Kowa yakan biya kuɗin shiga, a ba shi kwabban wasa daidai da na kowa, a raba masa karta biyu a ɓoye, a buɗe biyar a tsakiya, wanda kwabbansa suka ƙare ya fita. Don kada mutane su zauna har tashin ƙiyama, sai aka sanya wani haraji na tilas da yake zagaya tebur, yana kuma hauhawa bayan kowane minti goma ko sha biyar. A farkon gasa harajin nan bai taka kara ya karya ba, kowa mai ladabi ne. A ƙarshenta kuwa mutane kaɗan suka rage, lissafi ya fito fili. Amma a tsakiya, lokacin da haraji ya fara cizo, aka kuma doso iyakar da daga ita ake fara rabon kuɗi, wanda galibi bai wuce kashi goma sha biyar cikin ɗari na mahalarta ke samu ba, a nan ne kowa yake kwance rawaninsa, halinsa na ainihi ya bayyana, ko da yake shi da bakinsa zai rantse maka cewa dabara ce yake bi.

Na farkonsu shi ne Malam Jira. Wannan bawan Allah ya ji an ce haƙuri maganin zaman duniya, sai ya riƙe maganar fiye da yadda masu ita suka nufa, ya ƙudurta ba zai sa kwabonsa ba sai an raba masa as biyu, wato karta mafi daraja, alhali kuwa as biyu sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Yana nan zaune cikin natsuwa da waƙari, haraji yana zagayowa yana gutsurarsa, har wanda ya fara da dukiyar da za ta firgita maƙwabci ya wayi gari da abin da ko yaro ba zai ji tsoronsa ba. Wani gwani mai suna Dan Harrington, wanda ya ci gasar duniya a 1995, ya kawo ma'aunin irin wannan hali a littafinsa na 2005: a raba kwabban mutum da abin da zagaye ɗaya yake ci. Idan ƙaramin haraji 500 ne, babban kuma 1,000, kowane ɗaya daga mutum tara kuma yana zuba 100, zagaye ya ci 2,400 ke nan. Mai 12,000 saura masa zagaye biyar a yi masa salla. Malam Jira ya san wannan lissafi sarai, amma yana ganin garaje ba na dattawa ba ne. Ran da as biyun suka iso kuwa, da ya motsa sai kowa ya yar da kartarsa, domin tebur duka ya san mutumin da ya yi sa'a biyu bai ce uffan ba ba zai yi magana a banza ba, sai ya kwashi haraji kawai, ya koma zaman jira.

Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya shi ne Mai Jan Lokaci, wanda ba ya bayyana sai an kusa iyakar rabo. Burinsa a duniya shi ne a mayar masa da kuɗin shigarsa da ɗan ƙari a kai, don haka ko an ba shi bakwai da biyu, waɗanda ba su da daraja a kowace mazhaba, sai ya zauna a kansu har agogonsa ya kusa ƙarewa, yana fatan Allah ya sa wani a can tebur na arba'in ya riga shi mutuwa. Saboda irinsa ne masu gasa suka fito da dokar a riƙa yin rabo ɗaya-ɗaya a dukan tebura tare idan an zo gaɓar nan.

Kishiyar waɗannan biyu shi ne Fir'aunan Tebur, mai tarin kwabbai, wanda yake ƙara kuɗi a kusan kowane rabo ba tare da ya damu da abin da ke hannunsa ba. Abin takaici ga masu son adalci shi ne, wannan azzalumi shi ne lissafi ya goyi bayansa. Dalili kuwa, kwabon gasa ba kuɗi ba ne: wanda ya tattare kwabban kowa da kowa a ƙarshe ba a ba shi dukan abin da aka tara, shi kansa Moneymaker abin da ya samu bai kai sulusinsa ba; saboda haka kwabon da mutum ya rasa ya fi wanda ya samu tsada, kuma mai matsakaicin tarin kwabbai, wanda yake da abin asara, ba zai yarda ya yi kasadar ransa a bakin iyaka ba ko da yana zaton kartarsa ta fi. Fir'auna ya fahimci wannan, sai ya bar matalauta, waɗanda ba su da abin tsoro, ya riƙa tatsar masu rufin asiri. Aibinsa ɗaya ne, wato ba ya gane ranar da mulki ya ƙare, domin da zarar an tsallake iyaka, waɗanda ya yi ta taka wa wuya sukan tashi gaba ɗaya su tura duk abin da suka mallaka, shi kuwa yana nan yana burga irin ta ɗazu, kafin a yi hutun minti biyar na ƙarshen sa'a sai ka tarar da shi cikin talakawa yana tambayar yadda aka yi.

Amma wanda ya fi ba ni nishaɗi duk cikinsu shi ne Shehun Jadawali. Shi wannan ya yi karatu, ba a musu. Ya haddace cewa hannayen farko iri 169 ne, ya san wanda ake turawa da shi daga kowace kujera idan kwabbai sun ragu zuwa ninki goma na babban haraji, ya sayi manhajar da take warware mas'aloli irin PioSolver, ya kuma girka wata da take rubuta masa a kan sunan kowane abokin wasa sau nawa ya shiga, sau nawa ya ƙara. Ba ya yanke hukunci sai da hujja, kuma idan ka tambaye shi dalilin da ya sa ya zuba dukiyarsa duka a kan sarki da tara, zai kawo maka matani da sharhi da hashiya, ya ambaci wanda ya ruwaito daga wanda ya ruwaito har zuwa kan na'ura. Inda gizo yake saƙar shi ne, jadawalin nasa an gina shi ne bisa zaton abokin hamayya shi ma mai hankali ne, ya san lokacin da ya wajaba ya janye. Alhali mutumin da ke zaune a hagunsa wani ne a wata ƙasa mai nisa da ya dawo daga aiki a gajiye, yana cin abinci da hannu ɗaya, bai taɓa jin an ce akwai jadawali ba. Idan wannan jahili ya amsa da kartar da littafi ya hana, ya kuma ci, sai Shehu ya fita daga gasa da fatawa a bakinsa, yana mai tabbatar wa kowa cewa shi ne ya yi daidai, kuma wallahi sau da yawa gaskiyarsa ce, sai dai ba a biyan kuɗi a kan ingancin ijtihadi. Taƙlidi ne tsantsa ya sa wa rigar ilmi, gwano kuwa ba ya jin warin jikinsa.

Shi wancan jahilin da ya kayar da shi yana da suna, Sai Na Gani. Aƙidarsa ita ce duk duniya maƙaryata ne, kuma Allah ya wakilta shi ya tona asirinsu, don haka ba a yi masa burga, ba a kuma koya masa darasi. Maganinsa sananne ne tun zamanin da ake wasan a jiragen ruwan kogin Misisifi: kada ka tsorata shi, ka jira karta mai kyau ka sa ya biya. Kowa ya san haka, amma kullum sai an sami wanda zai gwada.

Daga nan sai Mai Zuciya, wanda ya yi wasa na hankali sa'a uku cur, sa'an nan aka ba shi as biyu, wani ya zo da takwas biyu ya ci shi. Da ya tsaya ya yi tunani, da ya tuna cewa ƙaramin tagwaye yakan kayar da babba kusan sau ɗaya cikin biyar, wato abu ne da yake aukuwa dubban sau kowane mako. Amma ina, shi a wurinsa makirci ne aka ƙulla tun daga ofishin kamfani. Sai ya buɗe akwatin hira ya yi wa wanda ya ci shi huɗuba cikin Turancin da wancan ba ya ji, ya zagi iyayensa da ƙasarsa, sa'an nan ya tura sauran kwabbansa, waɗanda da sun ishe shi farfaɗowa, a kan rabo na gaba don ya huce. Bayan ya fita yakan rikiɗa ya zama Mai Ta'aziyyar Kansa, ya bi abokai ɗaya bayan ɗaya yana ba su labarin takwas ɗin nan, da yadda ta faɗo a karta ta biyar, ba wanda yake saurare sai wanda yake jiran ya gama shi ma ya ba da nasa.

Akwai kuma Mai Tebur Goma Sha Biyu, wanda ya buɗe gasa da yawa a lokaci guda har ya yar da sarki biyu a nan don yana sauri ya amsa da shara a can. Da kuma wanda barci ya sace ko intanet ta yanke masa, kujerarsa tana biyan haraji ba ya nan, wanda wani lokaci, don Allah ya nuna ikonsa, yakan farka ya tarar ya shiga rabo alhali Shehun Jadawali ya daɗe da tafiya.

Gwani na gaskiya yana cikinsu, amma ba shi da abin ba da dariya, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. Yakan duba yawan kwabbansa da na waɗanda ke bayansa kafin ya duba kartarsa, ya saci haraji daga Malam Jira, ya kauce wa Fir'auna, ya ƙi yi wa Sai Na Gani burga, ya zama kowane ɗaya daga cikinsu na minti goma idan hali ya kama. Duk da haka shi ma a mafi yawan gasannin da ya shiga hannu rabbana yake fita.

Saura mutum ɗaya, wanda ba ya zama a kowane tebur, ba a raba masa karta, ba ya fushi, ba ya jira, shi ne mai gidan. A babbar gasar Lahadi ta PokerStars, lokacin da kuɗin shiga yake dala 215, dala 200 ce take shiga asusun rabo, 15 kuwa tasa ce tun kafin a raba karta ta farko, daga hannun Shehu da na jahili baki ɗaya. In ana neman wanda ya ƙware a dabarar tsakiyar gasa, da ta farkonta, da ta ƙarshenta, to, ni dai shi na ba wa.