Yadda Ake Kame Rimot a Gidan Haya a Tamale

Idan kana zaune a gidan haya a Tamale, ko a Zangon Hausawa ne ko Sabonjida ko Aboabo, irin gidan nan mai ɗakuna barkatai da tsakar gida ɗaya, ka riga ka san talabijin ba ta wanda ya saya ba ce. Shi sunansa ne kawai ke kan rasit. Mai mulki shi ne wanda rimot ke hannunsa daga bayan magariba har sauro ya tashi taro. Ga shawarwari ga mai neman wannan kujera, kyauta, ba sai an turo mini ko sidi ɗaya ta MoMo ba.

Fara da agogo, don a nan ’yan takara da yawa suka faɗi. Agogon Ghana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya. Shirin da Arewa24 ta ce za ta sa ƙarfe takwas na dare a Kano, a Tamale ƙarfe bakwai zai iso, daidai lokacin da ladan ke gyaran murya don kiran isha’i. Mutanen Kano sun yi sallarsu, sun ci tuwo, sun miƙe ƙafa; kai kuwa an jefa ka tsakanin Kamaye na Daɗin Kowa da liman. Sallah ba abin wasa ba ce, tashi za ka yi ka tafi masallaci, kuma kada ka kuskura a gan ka kana waiwayen allo da buta a hannu, don gobe a bakin Afa, malamin unguwa, za ka ji labarinka. Abin yi shi ne ka naɗa wakili. Nemi yaro ɗan shekara biyar ko shida, ka damƙa masa rimot da ƙuli-ƙuli biyu, ka yi masa alkawarin na uku idan ka dawo ka tarar tasha ba ta sauya ba. Kada ka ba ɗan shekara goma sha biyu. Wannan ya riga ya san lambar tashar ƙwallo.

Sai kuma sanin jama’arka. Tsakar gida a Tamale ba ta taɓa zama baki ɗaya. Akwai ɓangaren Mma Hajiya da matan gida, waɗanda tun zamanin da Adom TV ta ɗauko Kumkum Bhagya daga Indiya ta mayar da shi harshen Twi suka ba da zuciyarsu ga Abhi da Pragya. Wasan nan ya fara a 2014, ya haura shekara goma ana yinsa, kuma a iya abin da na fahimta, duk tsawon lokacin nan mutum biyu ake ƙoƙarin haɗawa. Kada ka raina ƙarfin wannan ɓangare. A Kumasi da wasu garuruwan kudu, keken nan mai ƙafa uku da mu a nan muke kira yalo-yalo, sunan Pragya ya gada. Matar da ta iya raɗa wa abin hawa suna daga can Indiya ba abokiyar faɗanka ba ce, balle kuma tuwon zafin da za ka ci a daren daga hannun magoya bayanta zai fito.

Akwai mai gida, dattijon Badagombe, wanda shi Sagani TV yake so, a sa masa fim ɗin Dagbanci ya ga garinsu da mutanen da ya sani. Shi ba ya yawan magana. Yakan yi tari sau ɗaya, sai kowa ya tuna watan da kuɗin hayarsa zai ƙare. Ba shi darensa guda a mako tun kafin ya nema. Akwai samari ’yan ƙwallo, waɗanda za su rantse maka cewa wasan yau shi ne na ƙarshe mai muhimmanci, kamar yadda suka rantse jiya. Yara ba su da ƙuri’a.

Dattawa kuwa, su ba kallo suke zuwa yi ba, sun zo ne su gaya maka cewa an daina wasan kwaikwayo. Wanda ya yi zaman kudu zai kawo maka Osofo Dadzie da Obra, lokacin da tasha ɗaya ce tak a ƙasar, ta gwamnati, wadda aka buɗe a 1965, babu rimot balle rigimarsa. Wanda ya yi fatauci zuwa Najeriya zai ce bayan Samanja da Kasimu Yero sai dai a yi haƙuri, kuma dariya ta bi Rabilu Musa Ibro kabari a Disambar 2014. Amsarka ɗaya ce: “Gaskiya ne, Baba.” Faɗe ta da ladabi, ka ƙara murya kaɗan. Minti goma bayan haka za ka ga Baban nan yana share hawayen dariya saboda ’ya’yan Alhaji Badamasi na cikin shirin sun sake ƙulla wata dabarar raba tsoho da kuɗinsa. Kada ka nuna ka gani.

Yanzu ga asirin da ya fi duka: ka zama tafinta. Rimot ana iya fizge shi, amma tafinta ba a korarsa. A tsakar gida ɗaya za ka samu mai jin Hausa ba ya jin Twi, mai jin Dagbanci da Twi amma Hausar Kano ta yi masa sauri, da amaryar da aka kawo daga Bawku wadda take jin komai amma kunya ta hana ta nunawa. Duk wanda ya iya tsayawa tsakanin waɗannan, shi ake ajiye wa kujera mai jingina. Sai dai aikin yana da ƙa’ida. Kada ka fassara duk abin da aka faɗa, numfashinka ba zai kai ba. Idan Adama ta yi minti uku tana wanke Kamaye tas a Daɗin Kowa, juya ka ce wa mai gida, “Ta ce cefane bai isa ba.” Ya wadatar, shi ma yana da mata. Idan aka zo wurin kalaman soyayya kuma surukarka na zaune, ka ce, “Gaisawa suke yi.” In ta ce gaisuwar ta yi tsawo, ka ce haka mutanen Kano suke.

Ka shirya wa tambayoyi masu wuya. Ranar da Fati Washa ta bayyana a matsayin Sumayya a Labarina, bayan jama’a sun saba da Nafisa Abdullahi, tafintoci sun sha gumi. Mma Hajiya za ta gyara tabarau, ta matso kusa da allo, ta ce, “Wannan ba ita ba ce.” Kada ka soma bayanin yadda ake sauya ’yan wasa, ba za ta yarda ba, kuma za ta ɗauka da kai aka haɗa baki. Ka ce, “Mma, wahala ce, ita ke sauya mutum.” Za ta yi shiru, ta girgiza kai, ta yi wa yarinyar addu’a.

Kwana Casa’in kuwa a kalle shi da taka-tsantsan. Jihar Alfawa ƙirƙira ce, Gwamna Bawa Maikaɗa kuma Sani Mu’azu ne ya sa babbar riga. Amma a ƙasar da ake zaɓe kowace shekara huɗu a watan Disamba, kuma kowane ɗaki a gidan akwai kalandar jam’iyyarsa, da zarar Maikaɗa ya yi wata ɓarna za ka ji ɗan NDC ya ce, “Ka gan su ko?” ɗan NPP kuma ya ce, “Wallahi su ne sak.” Duk su biyun za su juyo su dube ka. Duƙar da kai ka shiga bubbuga rimot a tafin hannu kamar batir ne ya yi sanyi.

Damina ma tana da nata. Hadari na haɗowa daga gabas, hoto zai fara daskarewa, bakin jaruma a buɗe, hannunta a sama, marin da ta ɗauko bai sauka ba. Sai allo ya yi shuɗi. A nan ake gane shugaba. Kada ka hau kwano da kanka. Tura saurayin da ya fi kowa cika baki, a jingina masa tsani, kai ka tsaya a ƙofa kana isar da saƙo. Shi yana sama yana murɗa faranti, jama’a na ƙasa suna ihu: “Ya zo! Ya tafi! Koma baya kaɗan! Tsaya nan, kada ka motsa!” Haka zai tsaya rungume da ƙarfe, iska na kaɗa rigarsa, yana jiyo dariyar mutane daga ƙasa yana tambayar me ya faru, babu mai amsa masa. In hoto ya dawo, kai aka gani a ƙofa, yabo naka ne. In kuma an fara walƙiya, sauko da ɗan mutane, babu wasan da ya kai ransa.

Wuta kuma, wanda ya ga dumsor, ɗauke wutar nan ta 2015, ba a ba shi labari. Amma ba kullum laifin masu wuta ba ne. Sau da yawa mitar gidan ce ke kuka tun la’asar, kowa ya toshe kunne yana jiran wani ya sa kati. Mai son mulki yakan ɓoye ’yan sidi don irin wannan dare. Bari sai fanka ta tsaya, duhu ya rufe, an fara salati da zargin mai firji, sannan ka ciro waya a natse ka sayi wuta. Wanda ya dawo da haske ana tsakiyar rikicin gado, ko mai gida ba zai yi masa tari ba har sati.

Babban abokin hamayyarka ba ya cikin duk waɗanda na lissafa. Yana can lungu da waya a hannu da abin ji a kunne. Tun da Izzar So ya nuna cewa ana iya tara dubban masu kallo a YouTube ba tare da an bi ta kowace tasha ba, kuma sauran masu shiri suka bi sahu, kowane yaro mai data ya zama mai tashar kansa. Shi ne zai riga kowa kallo, ya zo ya zauna yana murmushi, ana dab da buɗe asiri ya ce, “Ai ba mutuwa zai yi ba.” Irin wannan ba a yi masa faɗa, aike ake yi masa. Tura shi sayen tsire can Lamashegu, ka ce na mai tsiren kusa gishiri ya yi masa yawa. Kafin ya dawo an rubuta sunayen ’yan wasa.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. Kada ka tashi shan ruwa ka bar rimot a kujera. In fita ta zama dole, cire batir ɗaya ka jefa a aljihu. Kada ka rage murya don wayarka ta yi ƙara, fita waje ka amsa kamar kowa. In baƙo ya yi sallama ana tsakiyar shiri, a ba shi ruwa da wurin zama, gaisuwa sai lokacin talla.

Daren da Black Stars ke wasa kuwa, kada ka tsaya jayayya, ko da a ranar ne Abhi zai gane gaskiya. Miƙa rimot ga samari da hannu biyu, ka nemi wuri kusa da Mma Hajiya, don ita ma a daren nan ƙwallo take kallo.