Mas'alar Mario da Magidanta

Daga cikin abubuwan al'ajabi na wannan zamani, waɗanda ya kamata ma'abota hankali su yi nazari a kansu, akwai al'amarin wani gajeren taliki mai gashin baki da jar hula, sunansa Mario, wanda aka ruwaito cewa sana'arsa gyaran famfo ce, ko da yake ya fi shahara da faɗawa cikin bututu a kan gyara shi. Tun 1985, lokacin da Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka saki wasan bidiyonsa na Super Mario Bros. a ƙasar Japan, bawan Allahn nan yake gudu yana tsalle, yana farfasa bulo yana tsintar kuɗi, domin ya ceto wata gimbiya wadda har yau ba a sama mata mai gadi na kirki ba.

Kamfanin Nintendo da ya mallake shi an kafa shi ne a birnin Kyoto a 1889, da sayar da karta kuma ya fara, wanda kuwa ya daɗe a sana'ar karta ba a koya masa halin ɗan Adam. A 1993 suka tattara tsofaffin wasannin Mario huɗu cikin kaset guda, aka saya. A watan Satumba na 2020 suka sake kawo ɗumame, wato wasanni uku na 1996 da 2002 da 2007, a kan na'urarsu Switch, sa'an nan suka yi shela cewa ranar 31 ga Maris 2021 za a rufe ciniki. Mutanen da suka shekara ashirin ba su ko tuna da wasannin nan ba, da jin an yanka wa'adi sai hankalinsu ya tashi, har aka sayar da kwafi fiye da miliyan 9.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hujjar masu sayen, domin akwai ijma'i a tsakanin magidanta cewa yara ake saya wa. Amma ka leƙa falo bayan sallar isha, za ka tarar da maigida da furfurarsa, ya tuɓe hula ya naɗe hannun riga, ya ce wa yaron, “Kawo in nuna maka yadda muke yi a zamaninmu.” Ramin farko ya faɗa. Ya ce maɓallin ne ya yi tauri. Ya sake faɗawa, ya ce wani ya gitta ta gabansa, alhali ba wanda ya motsa sai uwargida da ta ajiye tuwo tun ɗazu. Daga nan sai wa'azi ya ɓarke a kan lalacewar yaran yau, waɗanda ba su san wahalar hura kaset da baki ba in ya ƙi tashi, yaro kuwa yana tsaye yana jiran a ba shi aron abin da aka ce nasa ne.

Duk da haka maigidan nan mai sauƙin laifi ne, tun da ya buɗe abin da ya saya. A watan Yuli na 2021 aka yi gwanjon kaset ɗaya na Super Mario 64 a Amurka a kan dala miliyan 1.56, kuma illar tsadarsa ita ce ba a taɓa yage ledarsa ba. Ko zakka ta wajaba a kan irin wannan dukiya in shekara ta kewayo, na bar wa malaman fiƙihu.