Yadda Ake Ajiya Har a Bar wa Mutanen Gida Wurin Kwana

Uwargida, kafin mu fara, daure ki durƙusa ki leƙa ƙarƙashin gado. In kin hango bango, alhamdu lillahi, ki karanta wannan don nishaɗi. In kuwa abin da ya tare miki ido gwangwanayen madara ne tun na goyon yaron da yanzu yake sakandare, da bokitan fenti, da murfin kular da ita kanta ta fashe tun shekarar korona, to gyara zama, da ke nake. Maigida, rage murmushin nan, layi zai zo kanka.

Ni dai ina bayan ajiya ɗari bisa ɗari. Jikokin masu rumbu ne mu, kuma Bahaushe ya ce ajiya maganin wata rana. Wanda dokar kulle ta Afrilun 2020 ta rutsa da shi a Kano babu ko kwano ɗaya na gero a gida, ko wanda ya ga yadda farashi ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ba sai an yi masa wa'azi ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya sa aka tara hatsi a Masar, aka bar shi a zangarniyarsa don kada ya lalace. Amma a lura, ya san shekara nawa za a tara, ya san ranar buɗewa, ya san bakunan da za su ci. Duk shawarar da zan bayar daga nan ta fito.

Saboda haka fara da lissafi, tun kafin ki sa maigida ya nufi kasuwar Dawanau. Buhun hatsi yakan ɗauki kwano 40. Gidan da yake cin kwano ɗaya a rana, buhu 9 ya kai shi shekara. Ƙara ɗaya saboda baƙi, domin ba a taɓa yin gidan Bahaushe da baƙo ya yi sallama ya ce a ƙoshe yake kuma da gaske yake ba. A saya da kaka, lokacin da hatsi ya cika kasuwa, don tsakiyar damina ce takan zo da tsada. Buhu na goma sha ɗaya kuwa sai ki tambaye shi sunan wanda zai ci shi. In bai amsa ba, a bar shi a kasuwa.

Sannan ki san halin kayanki, don kowanne da irin haƙurinsa. Gishiri, kanwa, zuma, busasshiyar kuɓewa, kauɗa da daddawa masu kawaici ne, za su jira ki. Sabulu ma daɗewa ƙara masa auki take yi. Gero a ɗaminsa yakan shekara ba ƙorafi. Amma gari ba ya son zaman jira, wata biyu uku sai ki buɗe ki tarar an yi biki an tare a ciki. Man gyaɗa in ya daɗe maƙaƙi yake yi. Magi da damina narkewa yake ya haɗe kamar alewa. Masara da gyaɗa kuwa, in ba su bushe ƙayau ba aka ɗaure su, fumfuna ce za ta kama su, kuma gubarta hanta take ci, dafuwa ba ta kashe ta. A ɗora buhu kan katako, a janye shi daga bango, a rubuta watan da aka saya a jikinsa, na da shi ake fara ci.

Wake shi ne babban ɗan rigima. Ki juya baya kaɗan, ƙwari sun mayar da shi rariya. Maganinsu a hana su iska. Akwai buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A ɗaure kowace leda daban, tamau, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba. Busasshiyar jarka mai murfin kirki ma tana wannan aiki in an cika ta har wuya. Abin da nake roƙo da babbar murya, kada a yayyafa wa wake fiya-fiya ko Sniper. Saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi bai wa 'ya'yansa, ba ma zuba wa namu a faranti.

Yanzu mu koma ƙarƙashin gadon nan. Akwai leda a gidanki wadda aikinta ɗaukar ledoji, kuma ita ma cikin wata ledar take. Akwai robobin rabon biki masu hoton amarya da ango, waɗanda yanzu suna da 'ya'ya huɗu. Akwai kwanukan jere da tun ranar da gwaggonni suka kafa su ba su taɓa jin ɗumin tuwo ba. Akwai turamen atamfa a ƙasan akwati, yayinsu ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, kyankyaso kaɗai ya san launinsu. Duk wanda aka taɓa, sai ki ce a bar shi, zai yi amfani wata rana. To Hajiya, ranaku bakwai ne, daga Asabar zuwa Juma'a, na duba kalanda ban ga Wata Rana ba. Ɗauki kowane abu ki faɗi ranarsa da mai shi. Tukunyar nan ta girkin suna ce, kuma ƙanwata na da tsohon ciki: ta zauna. Turmin nan na lefen Abba ne, kuma an sa rana: ya zauna. Wanda kika riƙe kika yi shiru kina kallon silin, ya gama zamansa a gidanki, akwai wadda take buƙatarsa yau a bayan katangarki.

Da yake karin maganar da muka fara da ita ta ambaci magani, a tuna shi ma maganin yana da wa'adi. Kwalaben maganin tari da guntayen ƙwayoyin da suka cika gwangwanin cakulan a kan durowa, a duba kwanan watansu a fitar da su. Ragowar maganin da aka rubuta wa Baba bara ba na jikansa ba ne bana.

Malam, ga layi ya zo. Janareton nan da yake zaure tun kafin a haifi autarka, kullum za a gyara. Rediyo uku, babu mai magana. Cajar wayoyin da kamfaninsu ma ya daina yin irinsu. Batiran mota, rabin buhun siminti da ya zama dutse, da tayoyi huɗu a bayan gida suna tara ruwan sama, sauro na yi maka addu'a. Kira 'yan gwangwan su auna su ba ka kuɗin cefane. Amma fetur a jarka cikin ɗakin da ake kwana ko kusa da madafa, nan na ajiye raha. Tururinsa kaɗai ya isa ya kama da wuta daga ashana ɗaya. Duk ribar da kake hange ba ta kai gashin kan yaro ɗaya ba, fitar da shi yau.

In tarin na tsohuwa ne, a bi a hankali. Wadda ta ga farin 1973, ta ga na 1984, ta san daren da aka ɗora tukunya da ruwa zalla don yara su yi barci, ba za ta kalli gwangwani yadda jikarta take kallonsa ba. Kada a jira ta tafi unguwa a kwashe mata kaya, wannan karya zuciya ne. A zauna da ita, a ce Inna, wance ta yi haihuwa ba ta da tasa, sai ki ga ta miƙa da hannunta har da ƙari. In kuwa abin ya kai mutum ba ya iya rabuwa da ko tsumma, ɗaki ya toshe, gado ya zama sito, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan cikin larurorin ƙwaƙwalwa. Likita ake nema masa, gori ba ya warkar da shi.

Saura iyaka ɗaya, ita ce ta maƙwabci. Tanadin abincin shekara ga iyali halal ne, malamai sun tabbatar. Abin da suka hana shi ne ihtikari, wato a kwashe abinci daga kasuwa lokacin da jama'a suke matse, a kulle ana jiran ya ƙara tsada. A Fabrairun 2024 sai da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Kano ta garƙame wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau kan wannan zargi. A 2025 kuma farashin masara ya faɗo, da yawa daga masu jiran tsada suka sayar ƙasa da yadda suka saya. A gida ma'aunin mai sauƙi ne: in sitonki ya cika har ƙofa ba ta rufuwa, gidan da ke jikin naki kuma kwana biyu ba ki ga hayaƙi ba, cika kwano ki aiki yaro bayan magariba, ba sai unguwa ta gani ba. Manomi kuma ya fitar da zakkarsa tun a masussuka, ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban-ruwa ne.

Asabar mai zuwa a fara da kusurwa ɗaya tak, kada a ce za a gama gidan a yini, gajiya za ta sa a mayar da komai inda yake. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da na ƙarƙashin gado, a kira yara su taya. Daga ledojin nan ki zaɓi ashirin masu kyau ki riƙe. Sauran ki aika wa mai kayan miya na bakin layi, ki ce a gaishe shi, zai ƙara miki attarugu.