Wuƙa Mai Sifirin da Mazan da Ba Su da Abin Yankawa

A Amurka akwai wani jinsin maza da ba sa fita daga gida sai sun zazzage aljihunsu a kan tebur: wuƙa, tocila, biron ƙarfe, walat, makullai. A jera su daidai wa daida, a gyara haske, a ɗauki hoto, a watsa a Instagram, sauran 'yan ƙungiya su taho da yabo da tambayar inda aka saya. Sarauniyar jerin kuwa ita ce wuƙar aljihu mai naɗewa, musamman irin wadda ake ɗan tura ruwanta da babban yatsa, sai wani sifirin da ke ɓoye cikin ƙotar ya ƙarasa aikin, ta miƙe tas!

Wannan tas ɗin shi ake saya. Yankan gyara ne kawai mai kaya ya ɗora a kai.

Abin yana da tarihi, kuma lauyoyi ne suka fi cin moriyarsa. A 1958 majalisar Amurka ta yi doka a kan wuƙar da ake danna maɓalli ta fito da kanta, ta hana shigo da ita ƙasar da safararta daga jiha zuwa jiha, domin jaridu da finafinai sun riga sun maƙala ta a hannun 'yan daban birane. Shekara 40 bayan haka, a 1998, wani maƙeri mazaunin Hawaii mai suna Ken Onion ya ba kamfanin Kershaw dabarar da aka laƙaba wa suna SpeedSafe: babu maɓalli, kai za ka fara turawa, sifirin ya karɓa daga hannunka. Kasuwa ta buɗe, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 2009 hukumar kwastan ta ƙasar ta ce ita fa ba ta ga wani bambanci tsakanin wuƙaƙen biyu ba. Nan masu kamfanoni da mafarauta suka yi ca a kan 'yan majalisa, aka yi wa dokar 1958 kwaskwarima, Shugaba Obama ya sa hannu. Ma'anar hukuncin a taƙaice: idan ruwan wuƙa yatsanka ya tura, kai ɗan ƙasa ne nagari, idan maɓalli ya danna, fara neman lambar lauya. Ƙasar da ake sayar da bindiga a kanti ce ta zauna ta yi muhawara mai zafi a kan babban yatsa.

To, duk wannan saurin buɗewa, me ake gaggawar yankawa? Ku kalli bidiyoyinsu a YouTube. Mutum zai aske gashin damtsensa don ya nuna kaifi. Zai yayyanka takarda siri-siri. Daga nan sai babban aikin ranar: yanke salatef ɗin kwalin da aka aiko masa da wata sabuwar wuƙar a ciki. Duk shekara suna taruwa a Atlanta, a baje kolin da ake kira Blade Show, su yini suna shafa ƙarfe suna jinjina kai. Akwai ta dala 30, akwai ta dala 300, kuma mai ta dala 300 ya fi kowa tsoron yanka wani abu da ita, kada ta yi tabo darajarta ta faɗi. Mafi ban dariya, waɗanda suka ƙware a harkar sukan kwance wuƙar su cire sifirin ɗin da suka biya kuɗi dominsa, wai ta fi daɗin rufewa.

Da abin ya tsaya can, da ba ruwanmu. Amma waya ta kawo mana shi har majalisar mai shayi. Kowace unguwa yanzu ba ta rasa mutum ɗaya, galibi ma'aikacin ofis wanda tafin hannunsa bai san kanta ba, da ya yi odar wuƙa ta intanet. Za ka gane shi tun daga nesa: ana hirar tsadar shinkafa, shi yana tas, ya rufe, tas, ya rufe. Carbi ya koma aljihun hagu. Ka kuskura ka tambaye shi, ka jawo wa kanka karatun ƙarfe. Zai ce tasa D2 ce, ta maƙwabcinsa kuwa 8Cr13MoV ce kawai, ya faɗi wannan “kawai” ɗin yana taɓe baki. Bai san cewa 13 ɗin nan adadin sinadarin kuromiyam ne cikin ɗari ba, wanda shi ke hana tsatsa, kuma D2 ɗin da yake taƙama da ita ta fi saurin yin tsatsa idan ta sha gumin aljihu a watan bazara. A jikin kwalin an zana tutar Amurka, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta China. Ba abin kunya ba ne: birnin Yangjiang da ke lardin Guangdong ya shahara da ƙera wuƙaƙe, masu kyau da na bogi, kuma kamfanonin Amurka da dama a China suke ƙera samfurinsu na araha. Shi dai ba ya son a karanta masa wannan layin.

Sai a kawo rake.

“Alhaji, ara mini mu fere mana.”

“A'a, ai wannan ba a taɓa rake da ita. Ruwan rake yana ɓata ƙarfe.”

Mai rake ya zaro tasa, wadda aka ɗaure ƙotarta da robar tayar keke, ya fere sanda guda kafin Alhaji ya gama bayanin dalilin hanawa.

A gida labarin ya fi haka armashi. Wuƙar kicin ta rabu da ƙotarta tun haihuwar ɗan fari, kuma a gefen dakalin siminti ake wasa ta kullum kafin a yanka albasa.

“Maigida, tunda Allah ya kawo wuƙa gidan nan, a ba mu mu gyara kajin nan.”

“Ke, kin san kuɗinta kuwa?”

“Ban sani ba, amma na san abin da aka rage a kuɗin cefane.”

Ranar Babbar Sallah asiri ke tonuwa. An sauko daga idi, rago a ɗaure, yara sun kewaye, maƙwabta na leƙe. Wuƙar Alhaji mai ruwa inci 3 ba ta aikin layya ba ce, shi ma ya sani. Wadda ta yi aikin bara kuwa tana bayan buhun gawayi, ta yi ja da tsatsa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a ranar ne za ka ga ƙato da babbar riga tsugune yana goga ƙarfe a dutse, ana aika yaro gida-gida neman aro. A ƙarshe mahauci ne zai zo da tasa, wadda maƙeri ya buga daga tsohon sifirin na bayan mota. Bature ya sa sifirin cikin wuƙa don ta buɗe, maƙerinmu ya mayar da sifirin ɗin kansa wuƙa don ta yanka.

Kada a ce na yi wa wuƙar rashin adalci. Tana da ranarta. Mai gyaran wuta da ke kan tsani, hannu ɗaya riƙe da waya, yana buƙatar abin da zai buɗe da ɗaya hannun. Haka kafinta da mai ɗaure kaya a bayan mota. Idan kana cikinsu kuma ka ƙudura saye, ga abin da masu bidiyo ba su cika daɗewa a kai ba. Abin da ya buɗe da taimako, da gardama yake rufewa, domin sifirin ɗin za ka danne, kuma a yawancinsu ƙarfen da ke kulle ruwan yana daidai inda yatsanka zai shiga hanyar kaifi. Gwada rufewa sau goma a gaban mai kaya kafin ka yi sha'awar buɗewa. Duba ko tana da ɗan makullin da ke hana ta miƙewa cikin aljihu, don cinya ba ta da safaya a kasuwa. Nemi ƙota mai kaushi, wadda ba za ta suɓuce ba idan hannu ya sha baƙin mai. Guji mai siririn tsini. Ka kuma sani cewa garin katako da ƙurar hunturu suna shiga gaɓar da ruwan ke juyawa, tas ɗin ya koma sssh, sai an kwance an wanke, kuma ƙusoshinta masu kan tauraro ne, ba kowace sukudireba ke kama su ba. Sifirin yakan karye. A Amurka sai a rubuta wa kamfani ya aiko da sabo. Kai wa za ka rubuta wa?

Batun ƙarfe ma, kada ka biye wa 'yan karatu. S30V da kamfanin Crucible ya fito da shi a 2001 yana riƙe kaifi da daɗewa, gaskiya ne, amma ranar da ya dakushe dutsen wasan gidanku zai ba ka wuya, sai ka nemi na musamman mai ɓarɓashin lu'ulu'u. Ƙarfen arahar da Alhaji ke taɓe wa baki yana dakushewa da wuri, yana kuma dawowa da wuri. A wajen mai sana'a wannan ya fi.

Duk wannan lissafin kuma yana rushewa ranar da yaron shago ya ce, “Oga, ara mini wuƙarka minti ɗaya.” A garejinmu babu kayan aikin da ke mutuwa a kan aikin da aka ƙera shi dominsa. Za a kwance noti da ita, a ɓalle murfin gwangwanin fenti, a kankare kan batir, a buga bayanta da guduma. Za ta dawo ba tsini, kuma za a rantse maka cewa haka aka karɓe ta. Shi ya sa tsohon baduku ba ya wahalar da kansa: karyayyen zarto yake wasawa, ya naɗe gindinsa da fata, ya yi shekaru yana ci da iyalinsa.

Saura maganar hukuma. A Ingila wuƙar da mutum zai yawo da ita ba tare da an nemi dalili ba ita ce mai naɗewa wadda ba ta kullewa, kuma ruwanta bai wuce inci 3 ba. A Jamus an hana yawo a bainar jama'a da wadda ake buɗewa da hannu ɗaya ta kulle, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A filin jirgin sama kuwa, ka manta ta a aljihu, ka yi wa ma'aikata sadaka. A Kano, inda masu ƙwacen waya suka sa kowa ya tsani ganin ƙarfe a hannun saurayi, ɗan sandan da ya tare ka da dare bai san Ken Onion ba, bai kuma ji labarin kwaskwarimar 2009 ba. Ka ce masa, “Yallaɓai, ai wannan ba mai maɓalli ba ce, yatsa ake sawa,” zai saurare ka da kyau, sannan ya ce ka ƙarasa bayanin a ofis.

Don haka, mai karatu, in sana'arka na buƙatarta, sayi matsakaiciya, haɗa da dutsen wasa, ka bar ta cikin akwatin kayan aiki idan an tashi. In kuwa tas ɗin kawai kake so, kafin ka tura kuɗin, leƙa kicin ka sayo wa uwargida wuƙa mai ƙota.