Tafkin Kainji Ya Cinye Mini Ƙarafa

Ni ɗan tudu ne, haifaffen Kano. Kafin aikin koyarwa ya kawo ni Yawuri, babban ruwan da na sani shi ne kududdufin unguwarmu in damina ta kankama. Amma da na ga kuɗin da ake zubewa a kan giwan ruwa guda a bakin kasuwa, sai zuciya ta raya mini cewa albashi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Muka haɗa jari da wani abokin aikina Bazazzagi, wanda shi ma bai iya iyo ba, muka sayi kwalekwale mai inji.

Sayen anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya, ni aka bar wa. Na yi sautu daga Legas aka kawo mini wata mai sheƙi, ƙafafunta huɗu suna naɗewa, har da rasit. Ranar da muka fita da ita na miƙe tsaye a jirgi, na yi bisimilla, na wurga. Igiya ta yi ta warwarewa gwanin sha'awa, muna kallo muna murmushi, har wutsiyarta ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta faɗa ruwa, tsulum. Muka yi shiru.

"Malam, ba ka ɗaure ta a jikin jirgin ba?"

"Ai na ɗauka kai ka ɗaure, Malam."

Har yau wannan shari'ar ba a yanke ta ba.

Daga nan na ce nauyi shi ne magani. Na je wurin mai walda ya haɗa mini wani tsohon ƙarfen ƙafar tirela da ƙugiyoyi masu kaurin hannun yaro. Sai mutum biyu ke ɗaga ta. Wannan kam ta riƙe jirgi, ta kuma ƙi sakinsa. Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, wurin da muke shawagi a kai da can tudu ne. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirin Foge da gonaki da dazuka. Mutane an kwashe su an sake musu matsuguni, amma itatuwa da yawa suna nan ƙarƙashin ruwa da rassansu da saiwoyinsu, suna jiran irinmu. Muka ja tun azahar har la'asar sakaliya. Sai dabara ta zo mini, na mai da igiyar bayan jirgi na ba inji wuta. Gindin kwalekwale ya nutsa, ruwa ya fara kwararowa ciki, abokina ya kama kalmar shahada da ƙarfi yana kwarfar ruwa da hularsa. Wuƙa ce ta raba mu da ƙafar tirela.

Labari ya riga mu isa gaɓa. Wani tsohon Basarke da ke gyaran komarsa a inuwa ya ɗago kai ya ce, "Sannunku da ciyar da ruwa, malamai."

Na ce, "Baba, a taimaka."

Ya aiki jikansa ya ɗauko tasa ankar. Wallahi da a bola na gan ta ba zan sunkuya ba: guntun bututu, an zura masa siraran rodi huɗu an lanƙwashe, duk tsatsa. Amma igiyarsa ba a kai take ɗaure ba. A gindi take, inda ƙugiyoyin suka haɗu, sannan aka kwantar da ita a jikin bututun, aka kama ta a zoben sama da siririn zaren koma.

"In tana aiki, ta kai take ja, ƙugiya ta nutse," in ji shi. "In ta maƙale, ka tuƙa jirgi ka wuce ta, ka fizga daga can ɓangaren. Zaren nan ya tsinke, jan ya koma gindi, ta fito da baya kamar ƙayar da aka zare ta hanyar da ta shiga. In itacen ya yi taurin kai, rodin ya miƙe ya saki, ka dawo gida ka sake lanƙwasa shi."

Ya ƙara da cewa igiya ta ninka zurfin ruwa kamar sau biyar, da ɗan guntun sarƙa kusa da ankar don jan ya kwanta ƙasa. A goshin jirgi ake ɗaurewa, ban da baya. Kuma a rataya wofin jarka a wutsiyar igiya, in iska ta taso dole aka saki, gobe a dawo a tarar da ita tana yawo a wurin. Da ya zo kan wutsiyar igiya sai da ya tsaya ya dube ni. Ashe wancan labarin ma ya iso.

Kaurin zaren ne kawai bai faɗa ba, ni kuma na ɗebo na keken ɗinkin uwargida. Muka jefa anka, muka zuba fatsa, iska mai daɗi ta kaɗa, barci ya kwashe mu. Zare ya tsinke tun kafin a nemi ya tsinke. Da muka farka, bukkokin da ke gaɓa ba na Yawuri ba ne, mun yi nisa a hanyar Wara. Man da muka ƙona muka dawo ya fi kuɗin ankar. Yanzu zaren koma nake sawa, na zagaya shi sau biyu, kuma ankar rodin tana nan, kullum da ita muke dawowa. Kifin ne dai har yanzu a kasuwa uwargida take saye.

Masuntan Yawuri da Ngaski, don Allah duk wanda komarsa ta ciro anka mai sheƙi da doguwar igiya sabuwa fil, tawa ce. Rasit yana hannuna.