Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Kyamara Mara Madubi da 'Yar Aljihu Ba Tare da An Ɗauki Hoto Ba

Duk mutumin da ya ƙudiri aniyar sayen kyamara a wannan zamani, alhali akwai wata a bayan wayarsa da ke biya masa kusan dukkan bukatunsa, ya riga ya nuna cewa al'amarinsa ya wuce na bukata ya shiga na martaba, saboda haka ya cancanci jagora mai natsuwa. Zaɓin da ke gabansa yawanci tsakanin iri biyu ne. Akwai kyamara mara madubi, wadda ake cire wa lensi, wato jerin gilasan da ke tattara haske a gabanta, a ɗaura mata wani gwargwadon aikin da za a yi da kuma abin da ya rage a asusun banki. Akwai kuma 'yar aljihu, ƙaramar kyamarar da ke ɓuya a tafin hannu, wadda lensinta yake haɗe da jikinta, yana leƙowa idan an kunna ta, ya koma ciki idan an kashe. Manufar wannan jagora ita ce a taimaka wa mai saye ya shafe watanni yana auna su biyun da ilimi da hujja, ba tare da ya kai ga matsanancin matakin ɗaukar hoto ba.

Matakin farko shi ne haddace abin da zai burge jama'a. Manyan kyamarorin ƙwararru na da suna da madubi a cikinsu, wanda aka jingine a karkace bayan lensi domin ya mayar da haske sama, ta cikin wani dunƙulen gilashi, har ya isa idon mai ɗauka. Idan aka danna maɓalli sai madubin ya yi tsalle ya kauce, hasken ya sauka a kan fim ko a kan sensa, wato ɗan allon lantarkin da ke mayar da haske ya zama hoto. A shekarar 2008 kamfanin Panasonic na Japan ya fitar da Lumix G1, wadda aka raba da madubin baki ɗaya, aka bar sensa tana aika abin da take gani kai tsaye zuwa wani ɗan mitsitsin talabijin da ake leƙawa da ido ɗaya. Olympus ya bi sahu a 2009, Sony a 2010, yayin da Nikon da Canon, waɗanda suka fi kowa cin moriyar madubi, suka yi ta jan ƙafa da ƙananan gwaje-gwaje, ba su fito da manyan makamansu ba sai a 2018. Cire madubin ya ba da damar matso da lensi kusa da sensa, ta yadda tazarar da a tsohon tsarin Nikon take milimita 46.5 ta koma 16 a sabon tsarinsa. Ana shawartar mai saye da ya riƙe waɗannan lambobi biyu ya faɗe su a majalisa bayan sallar isha'i ba tare da an tambaye shi ba, tunda babu mai iya ƙaryata su, babu kuma mai ƙarfin halin neman ƙarin bayani.

'Yar aljihu ta girmi abokiyar takararta. Canon ya fitar da Digital IXUS a 2000 cikin kwanson ƙarfe, Casio ya biyo da Exilim a 2002, wadda kaurinta bai kai milimita 12 ba, kuma a shekarun da suka biyo baya da wuya a yi biki ko walimar gama makaranta ba a gan ta tana lilo a wuyan hannun wani ba.

Hujjar da aka fi kafawa wajen sayen mara madubi ita ce rashin nauyi, kuma hujja ce ingantacciya muddin ba a ɗaura mata lensi ba. Sony A7 ta 2013, wadda ke cikin na farko da suka zo da sensa mai girman tsohon fim, milimita 36 a 24, nauyinta har da batir bai kai rabin kilo ba. Sai dai haske ba ya karanta talla: lensin da zai wadatar da babbar sensa, ya kuma buɗe ƙofa mai faɗi don haske ya shiga da yawa, tilas ne ya yi kauri da tsawo, ko akwai madubi a bayansa ko babu. Lensin Canon RF 28-70 mai faɗin ƙofa ya haura kilo 1.4, shi kuwa Noct na Nikon mai milimita 58 ya kai kilo 2, kuma duk da wannan jiki nasa, da hannu ake saita shi, ba ya saita kansa. Wanda ya guje wa tsohuwar kyamara saboda ciwon wuya ya ƙare da irin wannan kaya, shi ne aka gudu ba a tsira ba. Daga nan ake bukatar jaka, sannan jaka ta biyu saboda ta farko ba ta ɗaukar lensi na uku, sannan tsayayyiya mai ƙafa uku da za a ɗora kyamarar a kai, sannan ƙane ko ɗan maƙwabci da zai riƙa ɗaukar tsayayyiyar, wanda shi ma yana da haƙƙin kuɗin mota.

A nan ne ya kamata a yi gwajin aljihu, amma bisa sharaɗi. Injiniyoyin Tokyo da Osaka sun auna 'yar aljihu ne da aljihun rigar ofis, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce biro da katin shaida. Aljihun babbar riga kuwa, wanda aka sani yana haɗiye goro, carbi, wayoyi biyu, makullin mota da takardar gayyatar ɗaurin aure ba tare da ya nuna alama ba, zai iya karɓar ƙaramar mara madubi da ɗan lensinta cikin mutunci. Saboda haka mai saye na da damar kiran kowace kyamara ta aljihu, gwargwadon telan da ya yi masa ɗinki.

Inda bambancin gaskiya yake shi ne girman sensa, kuma a nan ya dace a daɗe. Sensar da aka saba sa wa 'yar aljihu tana da tsawon milimita 6 da ɗan ɗori da faɗin milimita huɗu da rabi, wanda idan aka lissafa fili, sensa mai girman fim ta ninka ta kusan sau 30. Haske a wajen sensa kamar ruwan sama ne a wajen mai tara: a mamakon damina mai kofin shayi da mai daro duk suna samun na sha, amma a yayyafi mai daro ne kaɗai ke komawa da abin kirki. Shi ya sa da rana tsaka hoton kyamarorin biyu kan yi kama har mai tsadar ya ji haushi, yayin da bayan magariba hoton 'yar aljihu ke cika da ƙananan ɗige-ɗige masu launi, saboda na'urar ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi tare da duk gurɓatar da ke cikinsa. Yawan megafiksel, wato adadin miliyoyin ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, ba ya warware wannan matsala, domin cusa ɗigo miliyan 20 a kan ƙaramar sensa yana nufin kowane ɗigo ya ƙara ƙanƙancewa ne kawai. Duk da haka megafiksel shi ne lambar da aka fi bugawa da manyan haruffa a jikin kwali, kuma mai saye da ke son zaman lafiya da mai shago zai fi kyau ya gyaɗa kai idan aka ambace shi.

Babbar sensa da lensi mai faɗin ƙofa suna kawo wata baiwa da masu mara madubi ke ji da ita, wato fito da abu ɗaya tangaran a bar abin da ke bayansa ya narke ya zama hazo. Sabon mai kyamara kan kamu da son wannan hazo har ya shekara ba ya ɗaukar komai sai da shi, kuma illar hakan ba ta bayyana sai ranar biki, lokacin da ango zai fito ras, kowane zaren aikin wuyan rigarsa ana ƙirgawa, dangin amarya da ke tsaye a sahu na biyu kuwa sun koma inuwoyi marasa fuska. Kyamarorin zamani suna gane ido su manne masa, wasu har idon tsuntsu da na kyanwa suna bi, amma har yanzu ba a ƙera wadda ke gane wace ce gwaggon amarya ba, kuma ita gwaggon ba ta karɓar bayani a kan faɗin ƙofar lensi. 'Yar aljihu tana da kishiyar wannan cuta: ƙaramar sensa da gajeren lensi suna sa komai ya fito daidai wa daida, amarya da ango da buta da igiyar shanya da akuyar da ke wucewa. Filasharta kuma, da yake tana maƙale da lensi, haskenta na shiga ido ya dawo daga jijiyoyin jinin da ke ƙarshensa, sai duk wanda ke hoton ya fito da jan ido, har da liman. Hasken nata ba ya wuce 'yan mitoci kaɗan, abin da bai taɓa hana kowa harba shi daga ƙarshen filin hawan sallah zuwa ga dawakan da ke can nesa ba, inda abin da ke fitowa sarai shi ne ƙeyar mutumin da ke gaba.

Ƙura na bukatar kulawa ta musamman ga wanda ke zaune inda hunturu ke sauka. Galibi idan aka cire lensin mara madubi sensarta na zama a buɗe, ba madubin da zai tare mata, kuma ƙwayar ƙura ɗaya da ta zauna a kai za ta bayyana a wuri guda cikin kowane hoton sararin sama har sai an share ta. Olympus ya ƙirƙiro dabarar girgiza gilashin da ke gaban sensa don kakkaɓe ƙura tun 2003, sauran kamfanoni kuma suka kawo irin nasu, sai dai ba a san ko an gwada wata daga cikinsu a bakin titi a Kano cikin watan Janairu ba. Mai 'yar aljihu kada ya yi saurin dariya, domin lensin da ke fita yana komawa yakan zuƙo ƙura ciki, kuma idan ta shiga babu ƙofar da za a bi a fito da ita sai an kwance kyamarar kaf. Game da batir, ɗan talabijin ɗin da ya maye gurbin madubi yana cin wuta ko ana ɗauka ko ana kallo kawai, har ma A7 ta farko ba ta wuce hoto ɗari uku da 'yan kai a caji ɗaya ba. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa, don haka a haɗa da batir biyu na ko-ta-kwana da kyakkyawar alaƙa da mai janareta.

Akwai kuma sakamakon da littafin umarnin kyamara ba ya ambata. Mutumin da ya shiga taro da babbar kyamara a wuya ya zama mai hoto nan take, ko da shi ne wan ango: ana kiransa daga kowace kusurwa, ana gyara masa tsayuwa, ana raba abinci yana tsugune yana neman haske, kuma shi kaɗai ne ba zai fito a hoto ko ɗaya ba. Bayan biki sai a shiga bibiyarsa, shi kuwa ya ɗauki hotunan a tsarin RAW, wato ɗanyen bayanin sensa da ba ya kallo sai an sarrafa shi a kwamfuta, aikin da bisa al'ada ake kammalawa daf da sunan ɗan fari. Mai 'yar aljihu ba wanda ke ɗaukarsa da muhimmanci, saboda haka yana cin abinci da zafinsa.

Kasuwa ta riga ta yanke nata hukunci, sannan ta fara nadama. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a 2010, mafi yawansu ƙanana, adadin da ya faɗi ƙasa da miliyan 8 a 2023. Casio ya bar ƙera 'yan aljihu a 2018, mara madubi kuma ta zarce mai madubi a yawan fitarwa a 2020. Daga baya sai matasa a Amurka, Turai da Japan suka gano cewa farin hasken filasha da ɗige-ɗigen tsohuwar 'yar aljihu, aibin da injiniyoyi suka shekara ashirin suna yaƙa, su ne ainihin abin da suke so a hotunansu na TikTok da Instagram, har farashin kwance ya tashi. Wanda ke son tsawaita nazarinsa da wata uku zai iya shigo da Sony RX100 ta 2012 da Ricoh GR III ta 2019, waɗanda ke shiga aljihu amma suna ɗauke da sensa mafi girma da farashin da ke gogayya da na mara madubi, su rushe masa duk teburin kwatancen da ya zana. Idan ya kusa yanke shawara, jita-jitar sabon samfuri da zai fito baɗi ta isa ta mayar da shi farko.

Wanda ya gaji ya zaɓi bin sahun matasa ba ya bukatar zuwa shago, domin a gidaje da yawa akwai 'yar aljihu kwance a ƙasan durowar wani kawu, tare da tsofaffin rasidai da cajar da ba tata ba. Ana roƙonta cikin ladabi, ba tare da an ambaci abin da take yi a kasuwar kwance ba. Abin da ya rage shi ne batir, wanda galibi ya kumbura, da kuma memori: tsofaffin Sony na neman Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma na neman katin xD, wanda aka ƙirƙira a 2002, mafi girmansa gigabait 2 ne, kuma an daɗe da daina ƙera shi. Nemansa a wajen masu kayan kwance zai ɗauki aƙalla wata biyu, kuma idan an same shi za a bukaci na'urar da ke karanta shi, wadda ita ma sai an nema.