Ire-iren Masu Yawon Buɗe Ido a Japan

Baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan a 2024, amma duk yawansu iri kaɗan ne, kuma kowane wuri da irin mutanen da yake tarawa.

Wanda ya fi yawa shi ne Sarkin Hoto. Dutsen Fuji mai tsayin mita 3,776 ne ya kawo shi, sai dai da ƙeya yake kallonsa, domin fuskarsa na wajen waya. Yakan tsaya a tsakiyar titi ana danna masa oda, ko a jikinsa. Irinsa ne suka sa hukumar garin Fujikawaguchiko ta kafa wani baƙin labule a watan Mayun 2024, ta tare dutsen daga gaban wani kanti da ake cincirindo. Ba a jima ba aka tarar da 'yan huji a jikin labulen, daidai idon kyamara. Ƙanwarsa kuwa tana Kyoto, ta yi hayar rigar gargajiya ta kimono, tana bin geisha, wato mata masu nishaɗin gargajiya, da gudu a unguwar Gion, har mazauna suka hana baƙi shiga wasu lunguna.

Sai Mai Jadawali. Jirgin ƙasa na Shinkansen, wanda ya fara aiki a 1964, yana kai shi Kyoto daga Tokyo cikin awa biyu da 'yan mintoci, shi ya sa yake ganin ƙasar ba ta wuce yini uku ba. A wurin ibada na Fushimi Inari da ke Kyoto, dubban jajayen ƙofofi sun yi jerin gwano har kan tudu. Shi da ya wuce 'yan na farko sai ya duba agogo, ya juya.

Malam Masani ya karanta littafi biyu a jirgi. A haikalin Ryoan-ji akwai lambun tsakuwa mai duwatsu 15 da aka jera yadda ba a ganinsu duka daga wuri guda. Nan yake tanƙwashe ƙafa ya lumshe ido, sannan ya juyo yana yi wa Japanawa bayanin al'adarsu. Yana rusuna wa kowa, har da na'urar sayar da lemo.

Abin tausayi shi ne Abokin Barewa. A Nara barewa fiye da dubu ke yawo sakaka, sun kuma iya sunkuyar da kai in sun ga abinci. Yakan sayi biskit ɗinsu, ta farko ta gaishe shi, ya ji daɗi. Kafin ya ankara sun kewaye shi kamar mai rabon zakka: wata na jan rigarsa, wata na tura hanci a aljihu, wata ta cinye masa taswira. Mutum-mutumin Buddha na haikalin Todai-ji mai tsayin kusan mita 15 yana nan kusa, amma da wuya ya isa da natsuwarsa.

Mai Kunya sai ya biya kuɗin wankan ruwan zafi na onsen yake gane cewa ba a shiga da sutura, tawul ɗin ma bai fi hankici ba.

Na ƙarshe shi ne Makararre. Ya yi shekara yana tanadi don furen sakura, wanda ke buɗewa a Tokyo ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ya kakkaɓe cikin mako ɗaya zuwa biyu. Yakan iso ana share shi daga ƙasa. Maganinsa shi ne ya nausa arewa zuwa Hokkaido, inda furen ba ya fitowa sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu.